Jagoran Mai Fassara: Baƙin Kalmomin Turanci na Sojojin Haya da na Ruhubanawa

Duk wanda ya ɗauki littafin tarihin Turai zai juya shi zuwa Hausa, ba ya yin nisa sai ya yi tuntuɓe da kalmar da ƙamusun aljihu bai san da zamanta ba. Iri biyu ne suka fi tare hanya: sunayen mayaƙan da ake biya su yi yaƙin wani, da sunayen mutanen da suka juya wa duniya baya suka shiga ƙungiyar ibada. Abin da aka saba yi shi ne a tattara na farko a kira su "sojojin haya", na biyu kuma "limaman coci". Da wannan kuɗin goro sai shugaban runduna ya zama ɗaya da yaron da ke riƙe masa doki, mutumin da bai taɓa jagorantar ibada ba kuma ya wayi gari limami. Kowace ɗaya daga cikin kalmomin nan sunan wata yarjejeniya ce: wa ya biya, wa ya karɓa, wa ya yi alwashi, kuma na tsawon wane lokaci. Sai ka gano yarjejeniyar kafin ka nemi Hausarta.

Mataki na farko: nemi asalin kalmar

Mafi yawansu aro Turanci ya yi, kuma suna tafe da tufafin gidansu. Wadda ta ƙare da -iere ko -ieri daga Italiya take. Mai -knecht daga Jamus. Masu ƙarewa da -ite a fagen addini, irin su cenobite da stylite, daga Girkanci suka biyo ta Latin. Ƙarshen -ess mace yake nufi: abbess, prioress, anchoress. Amfanin wannan duba biyu ne. Yana nuna maka ƙasa da zamanin da za ka bincika, yana kuma kare ka daga kuskuren jam'i. Condottieri jam'i ne, tilonsa condottiere; wanda ya rubuta "wani condottieri" kamar ya ce "wani sarakuna" ne.

Ita kanta mercenary daga kalmar Latin merces ta fito, wato lada. Abin mamaki, soldier ma asalinta kuɗi ne: solidus, kuɗin zinariyar da Sarkin Rum Kustantin ya buga a farkon ƙarni na 4. Ashe biyan kuɗi kaɗai ba ya mayar da mutum ɗan haya, in ba haka ba duk sojan duniya ya shiga.

Mataki na biyu: yi wa kalmar soja tambaya uku

Tambaya ta farko, shugaba ne ko mabiyi? Condottiere ɗan kwangilar yaƙi ne. Sunan ya fito daga condotta, takardar yarjejeniyar da yake sa wa hannu da wani birni, Filorens ko Milan ko Fenis, wadda ke faɗin yawan mayaƙa, da kuɗin, da watannin aiki. Shi ke tara mutanen, shi ke biyansu. John Hawkwood, Bature ɗan Ingila da ya mutu a Filorens a 1394, irinsu ne, haka ma Francesco Sforza wanda sana'ar ta kai shi har gadon sarautar Milan a 1450. Don haka kada ka kira ƙaramin dakare da wannan suna. "Madugun sojojin haya" ko "ɗan kwangilar yaƙi" ya fi dacewa.

A nan akwai wani rami da ke cinye masu fassara da yawa. In takarda ta ce madugun ya kawo 500 lances, ba masu ɗari biyar take nufi ba, ba kuma mutum ɗari biyar ba. Lance a wannan lissafi ƙaramar ƙungiya ce. A Italiya ta ƙarshen ƙarni na 14 mutum uku ne: barde mai sulke, da mataimakinsa, da yaro. Ka ga mutum 1,500 ke nan. A rundunar da Faransa ta tsara a 1445 kuwa mutum shida ne. Sai ka san ƙasa da shekara kafin ka rubuta adadi.

Tambaya ta biyu, aljihun wa kuɗin ya shiga? Hessian ita ce misalin da ya fi fito da wannan fili. Kimanin Jamusawa 30,000 suka yi wa Birtaniya yaƙi a Amurka tsakanin 1775 da 1783, mafi yawansu daga ƙasar Hesse-Kassel. Ba su suka sayar da kansu ba. Sarakunansu ne suka ba da hayar rundunoni sukutum, da hafsoshinsu da tutocinsu, suka karɓe kuɗin, su kuwa sojojin albashinsu kawai suke ɗauka. Masana tarihi kan fi son kiransu auxiliaries, rundunar taimako. In marubucin ɗan Amurka ne yana zaginsu, "sojojin haya" ta isar da fushinsa. In bayani ne na ilimi, ka ce "sojojin da sarakunansu suka ba da haya". Ka kuma lura da ƙaramin baƙi: hessian da ƙaramin h a Turancin Ingila yadin buhun algarara ne, ba ruwansa da bindiga.

Tambaya ta uku, ɗa ne ko bawa? Janissary na Daular Turkawa, wanda Sarki Mahmud na Biyu ya rushe rundunarsu a 1826, da Mamluk waɗanda suka mulki Masar daga 1250 zuwa 1517, sau da yawa akan jefa su cikin jerin 'yan haya. Kuskure ne. Ɗan haya yana da damar ƙin sabunta kwangila ya koma wurin mai biya da tsoka. Waɗannan mallakar fada ne tun suna yara. Hausa tana da abin da ya fi kusa da su, bayin sarki, kuma duk wanda ya san irin ƙarfin da Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama suka riƙe a fadar Kano zai gane yadda bawa kan fi ɗa iko.

Sauran sunayen, makami da ƙasa ne ke rarrabe su. Landsknecht dakaren Jamus ne mai dogon mashi, daga zamanin Sarki Maximilian na Ɗaya a ƙarshen ƙarni na 15. Land ƙasa ce, Knecht bara; ba lance ba ce a farkonta, ko da yake har Turawan da kansu sun sha rikita su. Suna cikin waɗanda suka wawashe birnin Roma a ranar 6 ga Mayu 1527, inda dogaran Fafaroma 'yan Suwizalan 147 suka mutu. In ka ga lansquenet, su ɗin ne a bakin Faransawa, amma duba da kyau, domin akwai wasan karta mai wannan suna. Switzer tsohuwar kalma ce ta ɗan Suwizalan, galibi mai aikin haya ko gadin fada. Reiter mahayin doki ne Bajamushe mai ƙaramar bindiga a ƙarni na 16. Stradiot shi ma mahayi ne, amma marar nauyin sulke, daga Albaniya ko Girka, yana yi wa Fenis aiki.

Gallowglass ta fito daga harshen Ailan: gall baƙo, óglach matashin mayaƙi. Daga tsibiran yammacin Sikotlan suka ƙetara tun ƙarni na 13, da sulke da dogon gatari, sana'ar kuma gado ce a zuriyoyi irin su MacSweeney. Kusan kullum za ka gan su tare da kern, to kada ka haɗa su: kern ɗan ƙasa ne mai sauƙin makami, mai saurin ƙafa.

Routier kuwa wani abu ne daban. Idan aka yi sulhu, kamar na Brétigny tsakanin Ingila da Faransa a 1360, aka sallami mayaƙa babu albashi, sai su ƙi watsewa, su riƙa cin karensu babu babbaka a ƙauyukan Faransa, suna karɓar kuɗin fansa da harajin dole. Waɗanda suka biyo bayan sulhun Arras na 1435 an kira su écorcheurs, masu feɗe mutane. Ga mai karatun Hausa na yau, "'yan bindiga" ta fi kamo halinsu a lokacin da ba su da ubangida, amma ka ƙara da cewa tsofaffin sojoji ne.

Kalmomi biyu suna yaudara ta wajen shekaru. Freelance tana kama da tsohuwa, alhali a farkon ƙarni na 19 marubuci Walter Scott ya yaɗa ta da ma'anar sojan haya, yau kuma ɗan jarida ko mai zane marar ubangida take nufi. Sellsword, ita ma sojan haya take nufi, ta littattafan almara ce na zamani. In ka gan ta a rubutun da ke da'awar tarihi, ka yi wa rubutun kallon tsanaki. Filibuster kuma a ƙarni na 19 ɗan kasada ne mai tara mutane ya afka wa wata ƙasa da ƙashin kansa, irin William Walker da ya naɗa kansa shugaban Nikaraguwa a 1856. A labaran yau dogon jawabi ne na hana majalisar dattawan Amurka zartar da doka.

Mataki na uku: in rubutun na zamani ne, koma ga doka

A rahoton yaƙi ko shari'a, mercenary tana da iyaka tsararriya. Sashe na 47 na Ƙari na Ɗaya ga Yarjejeniyoyin Jeniba kan dokokin yaƙi, na 1977, wanda wakilan Nijeriya ne suka gabatar da daftarinsa, ya gindaya sharaɗi shida, kuma dole su cika duka. An ɗauko shi musamman don wannan yaƙi. Ya shiga faɗan da hannunsa. Riba ce ta kawo shi, an kuma yi masa alkawarin ladan da ya zarce na takwarorinsa nesa. Ba ɗan ƙasar ɗayan ɓangarorin ba ne, ba kuma mazaunin yankinsu ba. Ba ya cikin rundunar ɗayansu. Ba wata ƙasa ce ta turo shi a matsayin sojanta ba. Wanda ya cika su ba shi da haƙƙin fursunan yaƙi. Sharaɗi na biyar shi ne ya fitar da Gurkha, 'yan Nepal na rundunar Birtaniya, da sojojin Foreign Legion na Faransa daga ciki, domin an rubuta su cikin rundunar ƙasa. Rolf Steiner, Bajamushen da ya jagoranci kwamandojin Biyafara a 1968, shi ne irin wanda jama'a ke nufi da kalmar. Idan rahoto ya ce contractor ko volunteer kai kuma ka rubuta "sojan haya", ka yanke hukuncin da marubucin bai yanke ba. Na farko ma'aikacin kamfanin tsaro ne, na biyu ɗan sa-kai.

Mataki na huɗu: ga mai ibada, tambayi inda yake kwana

A nan ne aikin ya fi wuya, saboda tsarin baƙo ne ga mafi yawan masu karatunmu. Fara da bambancin da ya fi kowane muhimmanci. Monk yana alwashin zama a gida ɗaya har mutuwa, yana addu'a yana aiki, gidan kuma yana da gonaki. Friar, daga kalmar Latin ta ɗan'uwa, ya bayyana a ƙarni na 13. Cikin gari yake, yana wa'azi yana koyarwa, ana iya tura shi daga wannan gida zuwa wancan, abincinsa kuma daga sadaka, shi ya sa ake ce wa ƙungiyoyinsu mendicant. Canon regular firist ne da ke zama cikin jama'a ƙarƙashin ƙa'ida. Monk da yawa ba firistoci ba ne ko kaɗan, to ka ga inda "limami" ta faɗi.

Benedict na Nursia, wanda ya kafa gidan Monte Cassino wajen shekarar 529, ya buɗe ƙa'idarsa da kasa ruhubanawa gida huɗu, kuma daga nan baƙin kalmomi huɗu suka samo gindin zama. Cenobite mai zama cikin jama'a ne ƙarƙashin shugaba da ƙa'ida, tsarin da Pachomius ya fara a Masar a ƙarni na 4. Anchorite ko hermit mai keɓewa ne shi kaɗai. Sarabaite su biyu ne ko uku, babu ƙa'ida babu shugaba, abin da ransu ya so shi ne dokarsu. Gyrovague ɗan yawo ne, kwana uku nan kwana huɗu can, yana cin tuwon gidajen wasu. Biyun ƙarshe zargi ne, ba muƙami ba. Babu wanda ya taɓa kiran kansa da su. Fassararsu tana bukatar ɗan yaji: "rahibin ga-ni-kashe-ni", "rahibi ɗan ci-da-yawo".

Daga baya anchorite da hermit sun rabu. Hermit, ko eremite a tsohon salo, daga kalmar Girkanci ta hamada, yana iya zama a daji ya kuma tashi. Anchorite na Ingila a zamanin tsakiya ɗaki ake gina masa a jikin coci, bishop ya yi masa addu'a mai kama da ta jana'iza, a rufe. Taga ɗaya tana kallon wurin ibada, wata ta miƙo abinci da fitar da shara, wata kuma masu neman shawara ke tsayawa a bakinta. Julian ta Norwich haka ta zauna, kuma mace ce duk da sunan ya yi kama da na namiji. Wanda bai bincika ba zai yi ta rubuta "ya ce" har ƙarshen babi. Stylite a kan ginshiƙi yake zama. Simeon, wanda ya mutu a 459 kusa da Halab a ƙasar Sham, ya haura shekara talatin a saman nasa.

Ɓangaren mata ma da nasa. A tsantsar ma'ana nun tana cikin kulle, sister kuwa tana fita asibiti da makaranta, ita ce sistar da aka sani a garuruwanmu. Beguine ta Beljiyam da Holan, tun ƙarni na 13, ba ta da alwashin dindindin: tana riƙe dukiyarta, tana saƙa ko jinya, in ta ga dama ta fita ta yi aure. Namijinta beghard.

Mataki na biyar: kada launi ya ruɗe ka

Turawan Ingila sun fi kiran ƙungiyoyin da launin tufa. Black Monks su ne mabiya Benedict, White Monks kuwa Cistercian na gidan Cîteaux da aka kafa a 1098. Black Friars su ne Dominican, amma rigarsu fara ce, alkyabbar sama ce baƙa. White Friars su ne Carmelite, rigarsu ruwan ƙasa, alkyabbar fara. Grey Friars su ne Franciscan, ga shi yau galibinsu ruwan ƙasa suke sawa. Wanda ya rubuta "baƙaƙen ruhubanawa" ya sa mai karatu ya ɗauka launin fata ake nufi. Rubuta "masu baƙar alkyabba". Blackfriars a rubutun zamani kuma unguwa ce da gada da tashar jirgin ƙasa a Landan.

Crutched Friars ba guragu ba ne. Daga kalmar Latin ta gicciye sunan ya zo. Discalced na nufin marasa rufaffen takalmi, alamar reshen da ya tsananta wa kansa, kamar gyaran da Teresa ta Avila ta fara a 1562. Capuchin sun samo suna daga hular da ke ɗinke da rigarsu, kuma daga gare su kofin cappuccino da wani ƙaramin biri suka gaji nasu. Jacobin kafin 1789 ɗan Dominican ne na Paris. Bayan nan ɗan siyasar juyin juya hali ne, saboda ƙungiyar ta riƙa taro a tsohon gidansu. Charterhouse gidan 'yan Carthusian ne, waɗanda Bruno ya kafa a 1084, ba ɗakin ajiye takardu ba.

Mataki na shida: daraja da muƙami

Postulant mai neman shiga ne. Novice yana zaman gwaji, wanda a dokar cocin Katolika ta yanzu ba ya gaza wata 12, ba ya wuce shekara 2. Daga nan sai alwashin wucin gadi na shekara 3 zuwa 6, kafin na har abada. Wanda ya yi alwashi shi ne professed. Oblate da tertiary suna gidajensu, da aurensu da sana'arsu, suna bin wani yanki na ƙa'idar. A cikin gida, abbot ne uba, prior mataimakinsa ko shugaban ƙaramin gida, cellarer ma'ajin abinci da kaya, almoner mai rabon sadaka, infirmarian mai jinya. A cocin Gabas za ka gamu da caloyer, rahibin Girka, da hegumen da archimandrite, shugabannin gidaje. Kalmomi biyu na yau da kullum ma suna sauya fata a nan: a religious mutum ne ɗan ƙungiya, secular priest kuma firist ne da ba ya cikin kowace ƙungiya, ba wanda ya bar addini ba.

Akwai inda kashi biyun suka haɗu. Templar, waɗanda suka fara a Ƙudus wajen 1119 aka rushe su a 1312, da Hospitaller da suka riƙe Malta daga 1530 zuwa 1798, mayaƙa ne masu alwashin talauci da biyayya da ƙin aure, ba su da albashi. Amma su da kansu suna ɗaukar 'yan haya: turcopole, mahayan doki 'yan ƙasar masu kwari da baka, ƙarƙashin hafsan da ake kira turcopolier.

Mataki na bakwai: zaɓi Hausar

Ga monk, "rahibi" da jam'inta "ruhubanawa" sun fi aminci. Duk wanda ya karanta tarihin Annabi ya san Bahira. Wasu kan rubuta "sufi", amma hankalin mai karatu Ƙadiriyya da Tijjaniyya zai tafi. "Mai zuhudu" tana aiki, musamman ga mata, sai dai ba ta nuna cewa akwai ƙungiya da ƙa'ida. "Fada" da "sista" ka bar wa firist da sistar zamani. Kada ka ce wa friar almajiri don kawai yana karɓar sadaka; da yawansu manyan malaman jami'a ne. Halwa kuwa tana taimakawa wajen bayanin anchorite, in ka ƙara cewa tasa ba ta da ranar fita.

In kuma rubutun kan Musulmi yake, a nan kai ne mai gida. Order ɗariƙa ce, lodge zawiyya, disciple muridi. Dervish da fakir duk ma'anarsu ta asali matalauci, wato faƙiri a wurin Allah. Marabout a rubutun da ya biyo ta Faransanci kan Nijar ko Senegal malami ne ko shehi kawai. Mayar da waɗannan "ruhubanawa" ɓarna ce, domin muridi yana aure yana kasuwa.

Gwada da wannan jimla: A company of routiers burned the priory and held the cellarer and two novices to ransom. Company a nan ƙungiyar mayaƙa ce, ba kamfani ba. Routiers ta nuna Faransa, bayan sulhu. Priory ƙaramin gida ne, cellarer shi ya san inda hatsi da kuɗi suke, shi ya sa shi aka kama. Hausarta: "Wani gungun tsofaffin sojoji da suka koma fashi ya ƙone ƙaramin gidan ruhubanawan, ya yi garkuwa da ma'ajin gidan da wasu sababbin shiga biyu, yana neman kuɗin fansa." In kalmar za ta sake dawowa sau da yawa a littafin, kawo ta da Turancinta a karon farko tare da bayanin jimla ɗaya, ka rubuta Hausar da ka zaɓa a wata takarda ta gefe, ka riƙa duba ta a kowane babi don kada rahibin shafi na 12 ya rikiɗe ya zama fada a shafi na 90.